Ra'ayinmu: A bincika kafin a biya kuɗin fili

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu mun gaji da zaman haya a nan Legas, kuma burin kowane magidanci shi ne ya samu ɗan fegin da zai kafa wa iyalinsa rumfa. Wannan buri doka ta ba mu shi. Sashe na 43 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya damar mallakar fili ko gida a ko'ina cikin ƙasar nan. Sai dai ranar da rigima ta tashi, kotu ba za ta tambayi shekarun da ka yi a Agege ko Idi-Araba ba. Takarda za ta nema.

A nan ne muke yin sakaci. Mun saba da ciniki na amana: dillali ya nuna fili, a kira shaidu biyu, a biya, a yi addu'a, a watse. A ƙasar Yarbawa kuwa, fili da yawa na dangi ne gaba ɗaya. Idan wasu 'yan gida suka sayar ba da shugaban dangi ba, cinikin bai ƙullu ba sam. Idan shugaban ya sayar shi kaɗai ba da yardar manyan gidan ba, suna iya zuwa kotu a warware. Don haka sai an tabbatar shugaban dangi da manyan gidan duk sun sa hannu. Rasidin omo-onile ɗaya ba ya hana wani ɓangaren gidan zuwa gobe ya ce a sake biya.

Sai kuma ɓangaren gwamnati. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna. Fili na iya zama na dangi tun kaka da kakanni, amma gwamnati ta riga ta karɓe shi don hanya ko rukunin gidaje. Abin yi shi ne a ɗauki safiyo mai rajista ya auna wurin, a kai taswirar ofishin Babban Safiyo na jiha a duba ko yana cikin filin gwamnati. In an ce gwamnati ta sakar wa ƙauyen wurin, a nuna gazet ɗin. In mai fili ya ce yana da C of O, lauya ya je ofishin rajistar filaye da ke Alausa ya duba: sunan wa ke kai, kuma ba a jinginar da shi a banki ba?

Lauyan nan ya zama naka, kada ka dogara da na mai sayarwa. Shi zai rubuta yarjejeniyar sayarwa, ya kuma nemo sahalewar gwamna, wadda doka ta wajabta kafin mallaka ta koma hannunka.

Akwai binciken da ƙafa ke yi. A je a ga fili da damina, domin wurin da ya bushe a watan Janairu yana iya zama tafki a Yuni. A guji ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, da kan bututun mai, da bakin magudanar ruwa, domin nan rusau ke farawa. A tambayi maƙwabta da baale ko akwai shari'a a kan wurin. A biya ta banki, da sunan wanda ke kan takarda. Da an gama, a kewaye fili, kada a bar shi fayau.

Tun 2016 Jihar Legas tana da dokar hukunta masu ƙwacen fili da masu tatsar kuɗi a wurin gini. Mai takardu cikakku ne zai fi cin moriyarta.

Muna kira ga sarakunanmu da shugabannin kasuwanni da kada su sa hannu a matsayin shaidu sai an yi wannan bincike. Araha ba ta ado, kuma kuɗin lauya da safiyo bai kai asarar gumin shekara ashirin ba. Allah Ya tsare mana dukiyarmu.