Nisan Sama Da Nisan Ƙasa

'Yan'uwa manoma, a taron ƙungiyarmu ta gama kai wani saurayi ya tashi ya ce albasar Goronyo da tafarnuwar Wurno ba za su yi daraja ba sai ran da aka fara ɗibarsu a jirgin sama. Jama'a suka tafa. Ni ban tafa ba, ga kuwa dalilina.

Lissafinsa daidai ne. Daga filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a Sakkwato zuwa na Malam Aminu Kano, kimanin kilomita 370 ne ta sama, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. A mota kuwa, ta Gusau, ya haura 500. Zuwa Maiduguri kimanin 860 ne ta sama, ta ƙasa ya ɗara 1,000. Amma jirgi ba ya bin layin da muka ja a taswira, fasinja yake bi. Shi ya sa mai zuwa Maiduguri sau da yawa sai ya gangara Abuja tukuna, ya sāke jirgi.

Sa'an nan jirgi da awon kilo yake karɓar kuɗinsa. Kaya mara nauyi mai tsada shi ne abokinsa, irin furannin da Kenya take aikawa Turai. Albasa kuwa nauyi gare ta, yawancinta ruwa, kuma lokacin kaka araha take yi har abin ya ba ka haushi. Wa zai biya mata kuɗin jirgi?

Nisan da yake cin mu yana nan gindinmu. An gama madatsar Goronyo a kan kogin Rima a 1984, ruwan noman rani ya samu, amma har yau daga fadama zuwa bakin kwalta jaki ne da amalanke, ko babur mai ɗaukar buhu biyu. Daga Goronyo zuwa Sakkwato bai kai kilomita 100 ba, duk da haka a nan buhu yake kwana cikin rana, a nan dillali yake yanka mana farashi, gama ya san ba mu da inda za mu ajiye. Ga kuma 'yan bindiga. Wanda ya tuna harin kasuwar Goronyo na Oktoba 2021 ya san abin da ya sa direba yake ƙara kuɗi kafin ya shigo.

Saboda haka kuɗin asusunmu na bana, a ganina, mu kafa rumfar ajiya mai shan iska, a ɗaga albasa daga ƙasa, mu riƙe ta har lokacin da take tsada. Abin da ya ragu mu haɗa da ƙungiyoyin Rabah da Wurno mu yi hayar babbar mota guda, kowane buhu da sunan mai shi. Sakatare ya kawo farashin katako da kwano a taro mai zuwa.