Rabon gado ba sai da lauya ba

A Daura, Baure, Zango da Mai'aduwa, gonar mamaci kan yi shekara da shekaru a hannun babban ɗa, wai kunya ta hana a tada maganar rabo. Marayu da matan mamacin ne ke kwana ciki.

Alhali kowane magaji, mace ko namiji, na da ikon zuwa kotun shari'ar Musulunci da ƙafarsa ya nemi a raba. Ya je da shaidu, mai unguwa ya tabbatar da iyakar gona. Alƙali zai fitar da bashi, sannan wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. Matan mamacin da ya bar 'ya'ya su raba tumuni. Kuɗin banki da fansho kuwa, galibi sai da takardar Babbar Kotun Jiha.