Ba Kowane Kumburin Muƙamuƙi Ne Hangum Ba

'Yan'uwana ɗalibai, a nan Kubwa da zarar muƙamuƙin yaro ya kumbura sai a ce hangum ne. Alhali kuwa akwai wata sankara mai fara kama yara ta nan, wadda Likita Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958. A 1964 aka gano ƙwayar bairus ta Epstein-Barr a cikinta. Ƙwayar tana yaɗuwa ta miyau, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na manya suna ɗauke da ita ba tare da illa ba. A Turai, masu wannan sankara kaɗan ne ake samun ƙwayar a ƙarinsu. A Afirka kuwa kusan duka ne, domin yawan zazzaɓin cizon sauro yana raunana garkuwar jikin yara. Ashe sauron kwatocinmu ma yana da hannu.

A ganina, aikinmu ne mu laƙaba mata sunan Hausa. Ni dai na ce "sankarar kaluluwa". Uwar da ta san sunan, in ta ga kumburi yana ƙaruwa cikin kwanaki, asibiti za ta nufa, kuma cutar tana jin magani idan an zo da wuri.