Daga Tamanrasset: A Yi Tsimi, Amma Ban Da Ruwa Da Cajin Waya

Duk wanda ya san zaman 'yan cirani a Tamanrasset ya san cewa tsimi ne jarinsu. Mutum shida ko bakwai a ɗaki guda a unguwanni irin su Gataa el Oued da Tahaggart, tukunya ɗaya, shayi da burodi da safe, kowane dinari ana ƙirga shi saboda akwai iyali a Damagaram ko Maraɗi ko Katsina da ke jiran saƙo. Ban ga laifin wannan ba, abin yabo ne ma. Abin da ke damuna shi ne yadda wannan tsimin ke bin mu har cikin hamada, inda kuskuren lita biyu na ruwa kan zama ajalin mutum.

A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, 52 daga ciki yara ne, 33 mata. Akasarinsu mutanen Kance ne da ke jihar Damagaram, kuma nan Tamanrasset suka nufa. Motocinsu biyu suka lalace, ruwa ya ƙare, ƙishirwa ta cinye su. Shekaru sun shuɗe, amma hanyar tana nan yadda take. Daga nan zuwa In Guezzam kilomita kusan 400 ne, daga Asamaka zuwa Arlit kuma wajen 200, kuma a mafi yawan wannan tazara babu rumfa balle shago.

Saboda haka a ganina akwai abin da bai kamata a yi ciniki a kansa ba, kuma na farko shi ne ruwa. A lokacin zafi babba kan buƙaci lita 5 ko fiye a yini, ko da yana zaune a inuwa. Idan direba ya ce tafiyar kwana ɗaya ce, ka yi guzurin kwana uku. Ka raba ruwan a jarkoki biyu, don in ɗaya ta fashe ɗaya na nan. Idan aka ce kaya sun yi yawa, gara ka bar jakar tsaraba ka riƙe jarkarka. Ka haɗa da ƙullin sukari da gishiri, waɗanda kuɗinsu bai kai na katin waya ba. Cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsabta, shi ne ruwan gishiri da sukari da ake ba mai zawo, kuma yana farfaɗo da wanda gumi ya tatse.

Sai sanin abin yi. Idan abokin tafiya ya fara jiri, jikinsa ya ɗau zafi, yana sambatu, zafin rana ne ya buge shi, kuma yana iya kisa cikin sa'o'i. A kai shi inuwa, ko da ta bargon da aka ɗaura a jikin mota ce, a sassauta masa tufafi, a jiƙa rawani a sa masa a wuya da hamata, a yi ta fifita. In yana cikin hayyacinsa a ba shi ruwan nan kurɓi-kurɓi. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe don kada ya shaƙe. Idan jini ne ke zuba, a danne wurin da ƙyalle mai tsabta, a ci gaba da dannewa. Harbin kunama kuwa, wanda ke samun dubban mutane a kudancin Aljeriya duk shekara, ba a yi masa tsaga, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin da igiya. A wanke, a hana mutum yawan motsi, a nufi asibiti mafi kusa, musamman in yaro ne.

Idan mota ta mutu, kada a watse. Mai nema ya fi saurin hango mota a kan mutum ɗaya a cikin rairayi, kuma hayaƙin tayar da aka ƙona da rana ana ganinsa daga nesa. In tafiyar ƙafa ta zama dole, a yi ta da dare ko da asuba, kuma a tare. Kada a manta da bargo, domin sanyin hunturu a ƙasar Ahaggar ba wasa ba ne. Tamanrasset kanta tana kan tudun da ya haura mita 1,300.

Yanzu batun waya. Matasanmu kan ƙarar da caji wajen kallon TikTok tun kafin a bar gari. Ya kamata a sani cewa wayar da ke laluben sabis inda babu shi, ita ce ta fi shan batir. Da zarar sabis ya ɗauke, ka sa ta a tsarin jirgin sama ko ka kashe ta, ka ɓoye ta daga rana. Na'urar GPS da ke cikinta daga tauraron ɗan Adam take karɓar sigina, ba ta buƙatar data, muddin ka sauke taswirar yankin tun kana gari a Google Maps ko OsmAnd. Kafin ka tashi ka faɗa wa wani ɗan'uwa ranar tashi, lambar mota, da ranar da zai fara cigiya in bai ji ka ba. A Aljeriya lamba 14 ta 'yan agajin gaggawa ce, 1055 kuma ta jandarma. Akwai kuma ƙungiyar Alarme Phone Sahara da ke taimakon waɗanda suka maƙale a ɓangaren Nijar.

Duk da haka kada ka dogara da waya ita kaɗai. Da yawa daga cikin waɗanda ake korowa a sauke a wurin nan da ake kira Point Zéro, su taka kilomita 15 zuwa Asamaka, suna isa ne babu waya a hannunsu. Ka haddace lambar mutum biyu a gida, ka kuma rubuta su a takarda ka ɗinke a cikin riga.

Na san wani zai ce wannan ƙarfafa wa mutane gwiwar shiga hamada ne. Ni dai da za a ji tawa, babu uwar da za ta ɗauki goyo ta hau wannan hanya. Amma mutane na tafiya, kuma wasu ma ba da son ransu ake jefa su cikinta ba. Wani kuma zai ce ai ajali in ya zo babu makawa. Gaskiya ne, amma addinin da ya koya mana tawakkali shi ya umarce mu da yin tanadi.

Roƙona ga shugabannin al'ummarmu a Tamanrasset da limaman unguwanni shi ne su ɗauki wannan a matsayin aikinsu. Minti goma bayan sallar Juma'a sun isa a nuna yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari da yadda ake sauke taswira. Masu adashi kuma su ware ɗan wani abu su sayi fawa bank biyu ko uku da za a riƙa ara wa mai tafiya. Allah Ya kai kowa gida lafiya.