Gida da Zamani: Ƙarfin Wuta da Injin Haƙar Kuɗin Intanet

Wannan karo filinmu zai tattauna ne a kan wata shawara da matasa suke tsintowa a intanet, su kawo ta gida suna neman yardar mahaifi: wai a sayi injin haƙar kuɗin kirifto, a jona shi da layin wuta mai ƙarfi, sai ya riƙa haifar kuɗi dare da rana, kuma wutar da zai ci ta ragu. Kafin uba ya ce e ko a'a, ya dace ya san asalin zancen.

Abin da ake kira haƙa ba tonon ƙasa ba ne. Lissafi ne da na'urori suke yi babu tsayawa, suna tseren tabbatar da cinikin da aka yi da kuɗi irin su Bitcoin, wanda ya riga saura sai a ba shi lada. Kowace irin wannan na'ura tana da akwatin wuta, wanda masu gyara ke ce wa alimantasiyo, shi ne yake karɓar wutar bango ya mayar da ita ƴar ƙarama wadda kayan ciki za su iya ɗauka.

Shawarar neman layi mai ƙarfi daga Amurka da Kanada ta fito, kuma a can tana da dalili. Wutar ɗakunansu bolt 120 ce, layi guda kuma yawanci ampar 15 yake ɗauka, watau wat 1800. Dokar wutarsu ta ce abin da zai yi aiki ba hutawa kada ya wuce kashi 80 cikin ɗari na wannan, sai ya rage wat 1440. Shi kuwa injin da ya yi suna, Antminer S19, wajen wat 3250 yake ci, kuma ba ya tashi sai da bolt 200 zuwa 240. Shi ya sa masu haƙa a can suke komawa ga layin bolt 240, wanda aka tanada domin murhun lantarki da injin busar da tufafi.

Ga yadda lissafin yake: wat shi ne bolt a ninka da ampar. Wat 3250 a kan bolt 120 yana bukatar kimanin ampar 27, a kan bolt 240 kuwa bai kai 14 ba. In ampar ya ragu da rabi, zafin da waya take yi yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu, akwatin wutar kuma ya ɗan rage ɓarna da kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari. Iyakar ribar ke nan. Kamfanin wuta ba ampar yake sayarwa ba, kilowat na kowace awa yake ƙirgawa, saboda haka takardar ƙarshen wata kusan ɗaya ce ko da wane layi aka bi.

To, mu a Nijar da maƙwabtanmu, wutar gidajenmu tun asali bolt 220 zuwa 230 ce. Abin da Ba'amurke yake wahalar nema, mu yana cikin bangonmu. Wanda ya ji an ce a ƙara ƙarfi, ya je ya jona na'ura tsakanin layi biyu na wuta mai layi uku, irin ta masu injin niƙa, ya ba ta bolt 380 zuwa 400 ke nan, nan take za ta ƙone, in ma ba ta ja gobara ba. Haka kuma tsofaffin kwamfutoci da ake kawowa daga Amurka: da yawa suna da ɗan jan maɓalli a baya mai lamba 115 da 230. In aka bar shi a kan 115 aka jona a nan, akwatin wutar ya tafi. A riƙa karanta rubutun da ke jikin akwatin. Wanda aka rubuta masa 100 zuwa 240, shi ne mai daidaita kansa.

Haɗarinmu yana wajen waya. Ampar 14 dare da rana nauyi ne babba a kan ramin jonawa da aka yi domin ampar 16 a mafi yawa, balle wayar ƙari mai araha ta kasuwa. Irin wannan kaya yana bukatar layinsa shi kaɗai, da waya mai kaurin da bai gaza murabba'in milimita 2,5 ba, da makatsar wuta tasa, da wayar ƙasa, kuma ƙwararren mai aikin lantarki ne zai ɗaura. Sannan duk wat 3250 ɗin nan zafi yake komawa cikin ɗaki, a garuruwan da zafin bazara yake haura digiri 40, ga ƙurar hunturu mai toshe fanka, ga ƙara mai hana maƙwabta barci.

Sai batun aljihu. Injin yana cin kilowat 78 a yini da kwana, watau 2340 a kwana talatin. Maigida ya ɗauko takardar wutarsa, ya ninka wannan da farashin kilowat guda, ya gwada da kuɗin cefanen wata. Lada kuwa raguwa take yi: a watan Afrilun 2024 ta sauko daga Bitcoin 6,25 zuwa 3,125. Kuɗin Ethereum, wanda aka fi haƙa da kwamfutar gida, ya daina haƙuwa tun watan Satumban 2022. Waɗanda suka rage a fagen manyan kamfanoni ne masu samun wuta da arha. Ba mu kuma manta da 2023 ba, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, birane suka yi watanni cikin ƙarancinta. Ko ƙasar Kosobo sai da ta hana haƙa a farkon 2022 saboda ƙarancin lantarki.

A nan ne jarrabawa take. Wanda lissafi ya ƙi yi masa daidai, Shaiɗan yakan raya masa ya zagaye kontar ko ya ja waya a ɓoye. Wannan sata ce, dukiyar jama'a ce ake ci, kuma kuɗin da aka samu ta wannan hanya ba su da tsarki. Cutar da maƙwabci da hayaniya, ko jefa iyali cikin haɗarin gobara, su ma shari'a ta hana. Game da kuɗin kansu, malamai sun saɓa: hukumar addini ta Turkiyya a 2017 da majalisar malaman Indonesiya a 2021 sun hana amfani da su a matsayin kuɗi saboda rashin tabbas da ke cikinsu, wasu malaman kuma sun halatta bisa sharuɗɗa. Sai a nemi malami masani a yi masa bayani dalla-dalla kafin a sa hannu.

Ya kai uba, kada ka kori ɗanka da tsawa in ya zo da wannan zance. Zauna da shi, ku ɗauki takarda da alƙalami ku yi lissafin tare. Yaron da ya gane bambancin bolt da ampar ya kama hanyar sana'a, domin gidajenmu suna bukatar masu ɗaura waya na gaskiya da masu haɗa wutar hasken rana. Kuɗin injin nan in aka kashe su wajen koya masa wannan aiki, sun fi kusa da dawowa.

Allah Ya tsare gidajenmu daga gobara, Ya azurta mu da halal.