Waya Ma Tana da Mudunta

'Yan'uwa manoma, ba mu sayen hatsi sai mun ga mudu. Don me muke kashe datar waya ido rufe?

Ga yadda awon yake. Harafi guda, kamar a ko b, bayit ɗaya ne. Bayit 1,000 kilobayit ke nan, kilobayit 1,000 megabayit, megabayit 1,000 kuwa gigabayit. Gajeren saƙon rubutu bai kai kilobayit ɗaya ba. Hoto guda yakan kai megabayit 3. Bidiyo kuwa ya fi su ci nesa ba kusa ba.

Matse saƙo don ya rage nauyi iri biyu ne. ZIP kamar danna auduga ne cikin buhu, in an kwance kome yana nan. JPEG kuwa kamar shiƙa ce, abin da iska ta kwashe ba ya komowa. WhatsApp yakan ƙara shiƙe hoto kafin ya aika.

Saboda haka muna roƙon ƙungiyoyinmu, sanarwar taro a rubuta ta, a bar bidiyo. Amma hoton ganyen masara mai ciwo, a aiko mana shi a matsayin takarda, wato Document, ba a matse ba. In tabon cutar ya dushe a hoto, muna iya faɗin maganin da ba shi ba. Kada tsimin data ya ci mana gona.