Ba Busta Ce Maganin Ba

Damina ta kankama, kasuwar masu sayar da bustar talabijin ta buɗe. A makon nan maganarta har ta gundure ni, a majalisa, a bakin masallaci, har a wajen ɗaurin aure. Hoton talabijin ya soma ƙamewa, fuskar mai karanta labarai ta wargaje gida-gida, murya tana yankewa, sai maigida ya nufi kasuwa a miƙo masa wani ɗan akwati mai jar fitila a ce masa shi ke nan. Kwana biyu hoto ya koma gidan jiya, a ce masa ai waccan ƙarama ce, ga babbarta.

Wani maƙwabcina, dattijo ɗan fansho, haka aka yi ta yi masa har ya fara zargin dikodarsa. Na ce, "Alhaji, a sa yaron nan ya sauko mana da eriyar mu ga kan wayar." Ya ce, "Haba Malam, waya kuma? Ai tun da aka sa ta ba wanda ya taɓa ta." To, nan gizo ke saƙar. Da aka kwantar da gorar eriyar aka kwance mahaɗin, sai ga tsinken tsakiya ya yi baƙi ƙirin, ragar da ke kewaye da shi ta yi fari-fari tana marmashewa a hannu, robar waje rana ta tsattsage ta. Da yaron ya karkata wayar, ruwa ne ya ɗigo. Aka yanke wajen taƙi biyu har aka kai inda ƙarfen ke ƙyalli, aka fere, aka sa sabon kai, aka naɗe da salatif mai kauri. Kuɗin da aka kashe bai kai na cefanen yini ba.

Abin da yawancinmu ba mu gane ba shi ne talabijin ɗin yanzu ba irin na da ba ne. Zamanin da muke kama NTA Kaduna da CTV 67 ta Kano, in sigina ta yi rauni sai hoto ya yi dishi-dishi, amma kana ganin mutum kana jin maganarsa. Na dijital ba ya wannan haƙurin. Ko ya zo tangaran, ko ya sarƙe, ko allo ya yi baƙi. Shi ya sa ɗan raunin da bai taka kara ya karya ba, irin wanda tsatsa ke jawowa, ya isa ya ɗauke tasha gaba ɗaya.

Ku shiga saitin dikoda, akwai layi biyu: na ƙarfin sigina da na ingancinta. Na biyun shi ne mai maganar. Busta kuwa na farkon take cikawa, shi ya sa mai shago ke nuna maka layi ya cika fal kana murna. Aikinta aikin lasifika ne a bakin mai mura: muryar ta ƙara ƙarfi, shaƙewar ma ta ƙara. Duk hayaniyar da ta shigo ta ruɓaɓɓiyar waya tare take ɗaga ta da siginar. In kuma gidanka kusa yake da turken tasha, sai ta cika dikoda har ta kasa tantance komai, hoton ya fi da lalacewa. Ban ce ba ta da rana ba: na ƙauye mai nisa tana yi masa amfani, in an ɗaura ta can sama kusa da eriya, ba bayan talabijin ba.

Masu bin wannan fili sun san ni da maganar jabun kaya, kuma ba zan daina ba. Wayar eriya da ake auna mana a kasuwa yau, fere ta ka gani. Ragar da ya kamata ta rufe cikin ruf, 'yan silalla ne da za ka iya ƙirgawa da ido. Ta irin wannan ce tartsatsin janareta da cajar waya mai arha da ƙwan fitila na bogi ke kutsowa. Ga kuma masu haɗin gwari, su murɗe waya biyu da hannu su rufe da leda. Sili ɗaya na ragar nan in ya taɓa tsinken tsakiya, an gama da sigina. Sannan a raba eriya ɗaya zuwa ɗakin uwargida da na amarya, ba a san cewa kowace rabawa biyu tana barin kowane ɗaki da abin da bai kai rabi ba.

Ruwan sama ma ana ɗora masa laifin da ba nasa ba. Mai dish yana da hujja, don siginar tauraron ɗan'adam tana raunana a cikin ruwa mai ƙarfi, ta dawo in ya tsagaita. Amma mai eriyar gora, ruwa bai cika taɓa tasa siginar a iska ba. In hotonsa na tafiya da ruwa, ya duba waya, ko darbejiyar da ta yi ganye ta tare gaban eriyar, ko guguwar da ta juya mata fuska. Mai ajiye eriya a ɗaki ƙarƙashin rufin kwano kuwa, shi ya so. Sai dai kada a tura yaro sama hadari na haɗuwa, kuma a dubi inda wayar lantarki ta bi kafin a ɗaga gora, balle bututun ƙarfe.

Wanda na fi jin haushi ba ɗan kasuwa ba ne, hukuma ce. Tun 2006 aka yi yarjejeniya a Geneva cewa ranar 17 ga Yuni, 2015 za a bar tsohon tsarin talabijin a koma na dijital. Najeriya ta sa wa kanta 2012 ta saɓa, 2015 ta wuce, 2017 ma haka. Aka ƙaddamar da sabon tsarin a Jos a Afrilun 2016, Abuja a Disambar shekarar, Kaduna a Disambar 2017, Kano sai ƙarshen 2021. Kowane da taro, da manyan riguna, da jawabai. To bayan an watse fa? Talakan da aka ce ya sayi dikoda, wa ya zaunar da shi ya nuna masa ta ina turken garinsu yake, ina zai fuskantar da eriya, wace waya zai nema? An canja wa mutane fasaha an bar su da 'yan kasuwa su yi musu tafsiri. Wannan sakaci ne, ba wani suna da ya dace da shi. Minti biyar a rediyo da Hausa, da Fulatanci, da Kanuri, kafin kowace damina, ya isa ya hana ɗimbin magidanta asarar kuɗi, kuma bai kai kuɗin rumfunan taro ɗaya ba.

Kafin a yi hakan, in dai za a yi, duk mai shagon da bai tambaye ka unguwarku ba, bai tambayi shekarun wayarka ba, ya zaro akwati daga kanta, ka ajiye masa kayansa ka ce ya auno maka waya mai cikakkiyar raga da kawuna biyu.